Kakan mahaifina farken goro ne: a wace takarda zan samo sunansa?

"Assalamu alaikum Malam. Mu 'yan cikin birnin Kano ne, ta wajen Dala. Tun muna yara ake ba mu labarin kakan mahaifinmu, wai farke ne, ya yi Gwanja da ƙafa, daga baya ya koma bin jirgin ruwa da goro daga Ankara ta Gana zuwa Ikko, da ƙarfi ya ja baya kuma ya zauna gida yana saya wa wani kantin Turawa gyaɗa. Ba mu da hotonsa, ba mu san shekarar da ya rasu ba. Yanzu magada sun daidaita za a sayar da gidan gado, ni kuma ina so in rubuta tarihinsa kafin kowa ya kama gabansa. Wani abokina ya ce a Ingila akwai sunan duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa, in biya kuɗi ta intanet in duba. Gaskiya ne? In ba haka ba, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan magabata, ya sa a rabu lafiya a kan gidan.

In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya. Na farko, ko mutum irin kakan naku, wanda ba sarki ba, ba malamin En'e ba, ya bar sawu a takardun da aka adana. Na biyu, wace ƙofa za ka fara ƙwanƙwasawa. To, riƙe kuɗinka tukuna. Jirgin ruwa shi ne wuri na ƙarshe da zan neme shi. Wuri na farko ɗakin tsofaffin gidanku ne, na biyu littafin alƙali. Na daɗe ina wannan tono, wani lokaci don bincikena, wani lokaci don iyalai irin naku, kuma abin da ya bayyana mini shi ne mutanen wancan zamani ba sa shiga takardar hukuma don an haife su. Hukuma ba ta rubuta haihuwa a cikin birni a lokacin. Suna shiga ne in kuɗi ya gitta: sun ci bashi ko an ci nasu, an yi rigimar gida ko gona, ko sun mutu sun bar dukiyar da hukuma take da rabo a ciki. Farke kuwa rayuwarsa duka bashi ce da amana, don haka kakanku ya fi manomin ƙauye damar bayyana nesa ba kusa ba.

Zancen jirgin ruwa

Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin zance ya ji. A ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, a gefen Landan, akwai jerin sunayen fasinjoji kashi biyu. Wanda ake kira BT 26 na waɗanda suka sauka a tashoshin ƙasar ne daga 1878 zuwa 1960, BT 27 kuma na waɗanda suka tashi daga can ne daga 1890 zuwa 1960. Su ne kamfanonin intanet suka ɗauki hotonsu suke karɓar kuɗi a kai. Amma sharaɗin shiga ciki shi ne a ce tafiyar mutum ta taɓa Birtaniya. Irin tafiyar Sarkin Katsina Dikko ta 1921, ko wadda Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka yi a 1934, ko 'yan kwas da ɗaliban da suka riƙa sauka Libaful daga jiragen Elder Dempster irin su Apapa da Aureol a shekarun 1950, ita ake nema a can. Wanda ya hau a Ankara ya sauka a Ikko bai shiga lissafinsu ba.

Ko a nan gaɓar tekun ma, fatake ba ɗaki suke kamawa a jirgi ba. A fili suke zama, a kan dandamali, kusa da huhunansu, don goro ba ya son a juya masa baya: sai ana dubawa, ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara. Kamfani yana ƙirga su ne da kai, kayansu da nauyi. Abin da ya tsira na takardun Elder Dempster yana gidan tarihin jiragen ruwa na Libaful, kuma labarin jirage ne da ma'aikata da kuɗin kamfani. Littafin ƙididdigar da gwamnatin mulkin mallaka take bugawa duk shekara zai gaya maka yawan goron da ya shigo Ikko da darajarsa, wanda zai yi maka amfani wajen zana zamanin, amma ba zai kira sunan kowa ba.

Duk da haka wannan labari na jirgi ya yi mana wani aiki da ya fi jerin fasinjoji: ya sa wa rayuwar mutumin iyaka. Tsohuwar hanyar ayari ta bi ne ta Yawuri ko Busa, ta ratsa Borgu, ta Sansanin Mango da Yandi, ta faɗa Salaga, ana kai kanwa da tufafi da fatu a komo da goro, tafiya da dawowa ta kan ci kusan shekara. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Kintampo da Kumasi, wasu suka gangara har bakin teku. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma a kakar wannan shekarar ce cinikin gyaɗa ya ɓarke. Mutumin da ya yi ƙafa, ya yi ruwa, ya yi gyaɗa, to ƙuruciyarsa ta kama ƙarshen zamanin ayari, ƙarfinsa ya kama zuwan Turawa. Ka dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1955: shi ma Gwanja, sannan Ankara da jirgin ruwa, sannan gyaɗa. Kakanku sa'ansa ne ko ya ɗan girme shi. Ke nan rasuwarsa ta fi kama da zamanin Sarki Usman, 1919 zuwa 1926, ko na Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953. Shekara talatin da 'yan kai ta yi yawa ga mai bin littafin kotu shafi-shafi, sai mun matse ta, kuma a gida ake matse ta.

Kafin ka fita daga gida

Tunda za a sayar da gidan, abin da ya fi gaggawa shi ne kada a share ɗakunan tsofaffi ba ka nan. Ranar kwashe kaya ce ranar da tarihin gida yake tafiya bola. Duk adaka, duk tsohon akwatin ƙarfe, duk gafaka, a ajiye maka. Ka duba bayan Alƙur'anin gida da gefen Dala'ilu, nan malaman gida suke rubuta an haifi wane ranar kaza ga watan kaza. Fatake kuma suna cusa takardun bashi da wasiƙu a tsakanin warƙoƙi, don nan ne ba mai taɓawa.

In ka samu, kada ka jera su yadda ranka yake so. Ka ɗauki hoton kowace gaba da baya a yadda ka tarar da su, domin takardar da ba ta da kwanan wata maƙwabciyarta ce take faɗin shekarunta. Kada ka manna salatif, kada kuma ka kai a rufe ta da ledar nan ta zafi. An taɓa kawo mini wasiƙar wani farke da jikokinsa suka kai shago aka gasa mata leda don ƙauna. Tawadar gargajiya ce, zafi ya sa ta yi jirwaye, layin da yake ɗauke da sunan mai masaukinsa ya narke, kuma ba yadda za a yi a ɓare ledar ba tare da an ɗaye rubutun ba. Farar takarda mai tsabta a tsakani, a kwantar a kwali, a nisanta da ƙasa da danshi, ya wadatar.

Ka ɗaga takardar ka duba ta a hasken rana. In ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta, irin takardar Italiya ce da ta daɗe tana shigowa ta hamada, alama ce ta tsufa ko da ba hujja ce ta shekara ba. Kwanan wata kuma na Hijira ne, wani lokaci ba da lamba ba, da ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lamba. A nan mutane da yawa suke faɗuwa, domin malamanmu lissafin Magariba suke bi, inda shinun take dubu, sinun take ɗari uku, ba irin na Gabas da ke cikin littattafan da ake bugawa yanzu ba. In ka ga shinun da sinun da lamun da alif a ƙarshen wasiƙa, 1331 ke nan. Ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa 1913. Kuɗin da aka ambata ma yana faɗin zamani. In wuri ne, dubu kaza ko jaka kaza, jaka tana nufin wuri 20,000, kana kafin kuɗin Turawa su kama ƙasa ko a farkonsu. In fam ne da sule da sisi da taro, ka shigo zamaninsu sosai, kuma a lokacin jaka ta koma fam ɗari. Wanda bai lura da wannan ba sai ya mai da kakansa Ƙaruna a banza.

Sai tsofaffi, musamman mata. Su ne suke riƙe da wa ya auri wa, wa aka haifa a Gwanja, wa ya tafi bai dawo ba. Amma ka san alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ko ɗan farinta ba, sai ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko mai sunan wane. Kada ka matsa mata. Ka tafi da jikar da take wasa da ita, ita za ta faɗi sunan tsohuwa ta gyaɗa kai. Kuma ka tattara duk sunayen mutumin, na yanka da laƙabi da na kasuwa. Wanda gida ya sani da Garba littafin alƙali Abubakar zai rubuta, Shehu ya koma Usman, Sanda ya koma Umaru. In ba ka da sunan mahaifinsa da unguwarsa, Abubakar ɗin da za ka tarar sun fi a ƙirga.

Shekara kuwa kada ka tambaye ta da lamba. Ka tambaya da abin da ya faru. Yana raye lokacin yunwar Kakalaba ta 1914? Marisuwa ta 1918 ta same shi a gida ko a hanya? Ya ga saukar jirgin sama na farko a Kano a 1925? 'Yar Buhu ta 1927 fa? Da rana ta yi husufi a 1947 yana nan? Wa yake sarauta da aka yi masa sutura, wane yaro ake goyo a gidan? In aka ce maka ai da ya rasu babanka wane yana rarrafe, kai kuma ka san shekarar da wannan ya shiga makaranta, ka samu abin da kake nema da kuskuren shekara ɗaya ko biyu.

Littafin alƙali

Nan ne nake sa ran ganinsa. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba. Abin da suka ɗora musu shi ne rubuta kowace shari'a a littafi, don Razdan da Di'o su riƙa dubawa, kuma don a san kuɗin da ya shiga baitulmali. Muhuti ko magatakardan alƙali yana rubutawa, da Larabci a shekarun farko, Hausa ta shigo daga baya. Ba don tarihi suka yi ba, don sa ido da kuɗin shiga ne, amma mu muka ci riba.

Abin da ya fi komai daraja shi ne rabon tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari. Dalili kuwa ushira: kotu tana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na dukiyar da ta raba, saboda haka dole a lissafa komai a yi masa ƙima. In ka dace, ga abin da za ka gani a shafi ɗaya ko biyu. Sunan mamaci da na mahaifinsa da unguwarsa. Sannan kaya ɗaya bayan ɗaya: riga saƙi, riga tsamiya, rawani, tasoshi, jakuna, goro ƙwarya kaza, kowace ƙwarya goro ɗari, kowane da kuɗinsa. Sannan bashin da yake bi da wanda ake bin sa, da sunayen mutanen, wanda shi ne taswirar kasuwancinsa gaba ɗaya: wa ya ba shi jari, wa yake saukar da shi a Ikko, wane dillali ne yake sayar masa a Kurmi. Sai a cire kuɗin likkafani, a biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi ba, sannan a zo kan magada. Matan aure su raba tumuni, 'ya'ya maza su ɗauki ninkin na mata, kowa da sunansa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da baki ba ya riƙewa. Salsalar da ake haddacewa a gida maza take bi, 'ya'ya mata su ɓace bayan hawa biyu, amma alƙali ba shi da ikon tsallake mai rabo.

Akwai abin da nake so ka shirya masa tun yanzu. Za ka iya ganin 'ya'yan da suka ci gado alhali mahaifiyarsu ba ta cikin masu raba tumuni. Wani lokaci ta riga shi rasuwa ne ko sun rabu, wani lokaci kuwa sa-ɗaka ce, wadda ba ta gado amma 'ya'yanta suna yi daidai da kowa. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma tsakanin nan kotuna cike suke da shari'o'in fansa da murgu, da sunan bawa da na ubangijinsa da kuɗin da aka yanka. Attajiran goro suna da bayi, wasu manyan fataken ma asalinsu bayin wani attajiri ne da suka fanshi kansu suka yi arziki. Ko ta wane gefe kakanku ya fito, ka yanke shawara da manyanka kan abin da za a rubuta kafin ka watsa a dandalin dangi. Na ga zumuncin da takarda ɗaya ta girgiza.

Bayan tarika, sai ƙarar bashi da ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya yi tafiya a raba riba. Farke ya dawo ya ce goro ya ruɓe a hanya, mai jari ya ce bai yarda ba, a nemi shaidu, in babu a ba da rantsuwa. Irin wannan shari'a gajera ce, layi biyar ko shida, amma takan ambaci garin da aka je da yawan kaya. Maganar gida da gona kuma ta fi zuwa gaban majalisar Sarki, domin ƙasa a hannun sarauta take. Littattafan majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, sun tsira a wani ɓangare, har Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'in 1913 da 1914 zuwa Turanci ya buga a 1994. Ko ba ka sami kakanku a ciki ba, ka karanta don kunnenka ya saba da yadda ake rubuta irin waɗannan shari'o'i.

Matsalolin guda biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Ba kowace tarika ce ta je gaban alƙali ba. Gidaje da yawa sun kira malamin unguwa ya raba musu a zaure don gudun ushira, waɗanda suka je ma sukan ɓoye wani abu, don haka abin da ka gani a littafi shi ne mafi ƙarancin dukiyar, ba dukkanta ba. Tarikar da ta fi zuwa kotu ita ce mai marayu ƙanana, ko mai bashi da yawa, ko wadda magada suka kasa jituwa. Na biyu, littattafan ba su da fihirisar sunaye. Rana-rana aka rubuta su, yadda masu ƙara suka shigo. Shi ya sa na dame ka da neman shekara.

Ina littattafan suke? A warwatse. Da gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e wajen 1967 zuwa 1968, ba a kwashe tsofaffin littattafai zuwa wuri guda ba. Ka fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, ka tambayi abin da suke da shi na kotuna da na En'e. Wasu kuma suna nan a sito-siton kotunan da suka gaji na da, sai da izinin magatakarda. Na taɓa shiga irin wannan sito a wani gari, aka buɗe mini ƙofar da ta yi shekaru a rufe. Littattafan suna jibge a ƙasa, na ɗaga na sama lafiya lau, bangonsa ja, rubutu tsaf. Na uku da na ɗaga bango kawai ya biyo hannuna, cikin ya zama ƙasa, gara ta gina gidanta tun daga daɓe. Shekarun da nake nema suna can ƙasan tarin. Ban faɗa maka don in karya maka gwiwa ba, sai don ka san in an ce babu, wani lokaci da gaske babu ɗin ne.

Daga nan sai Kaduna. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, tana da reshe a kan titin Yakubu Gowon, kuma nan takardun lardunan Arewa suke. Na ofishin Razdan na Kano ana kiran su KANOPROF, na sakatariyar Arewa kuma SNP. Ka tafi da katin shaida da takardar neman izini, ka isa da wuri, ka nemi littattafan jerin fayil ka zauna da su yini guda kafin ka buƙaci komai. An jera fayil ne da kan magana, ba da sunan mutum ba, kuma da Turanci, sai ka bi kalmomin goro, gyaɗa, gado, fuloti, bashi, koke. Ka buɗe ido kan rubutun suna, don akawun da ba Bahaushe ba yakan mai da Muhammadu Momodu, Garba Garuba, Audu kuma ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, yana da nasa tarin da kundayen digiri na ɗaliban da suka yi hira da tsofaffin fatake tun suna raye, wani lokaci sunan da kake nema yana cikin jerin waɗanda aka yi hira da su ko aka ambata.

Kanti da gyaɗa

A nan ina so ka koma ka tambayi abu ɗaya: shi da kansa yake karɓar kuɗi daga hannun Bature, ko yaron wani attajiri ne? Da gyaɗa ta buɗe, kamfanoni ba su san ƙauyuka ba, sai suka jingina da fataken goro, waɗanda suke da jari da yara da amana a ko'ina, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, sannan Ɗantata da ya zama wakilin Kamfanin Neja a 1918. Kamfani yana ba babban wakili kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauye. Littafin kamfani babban wakilin kawai ya sani. Na ƙasa da shi suna cikin littafin attajirin, in zuriyarsa ta adana.

In babban wakili ne, takardun kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 da haɗewar Kamfanin Neja da wani kamfanin, suna ma'ajiyar Unilever a Port Sunlight kusa da Libaful, ana iya rubuta musu wasiƙa da sunan mutum da gari da shekaru. Amma ka tabbatar da kantin tukuna, don John Holt da GBO da PZ da kamfanonin Faransa da na Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, duk sun sayi gyaɗa a Kano, kuma a bakin tsofaffi duk sunansu kanti. In rigima ta taɓa haɗa shi da kamfanin, ba gaban alƙali za ta je ba, tunda ba shi da hurumi a kan Bature, sai ka neme ta a takardun Razdan. In ya kai shekarun hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, akwai maganar lasin na wakilan saye, wannan ma tana barin suna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Janairun 1939, da Sodangi ta Kano a shekarun 1950, sun cancanci dubawa in ka riga ka san shekarar rasuwa.

Gefen Gwanja

Farken da ya yi shekaru yana zuwa wuri ɗaya da wuya a ce bai yi aure a can ba. Ka tambaya ko akwai wata Gwaggo ko Baba da ake ce wa ta Ankara ko na Kumasi. Ma'ajiyar takardun Gana, PRAAD, tana da ofis a Ankara da Kumasi da Tamale, kuma rigingimun sarautar zango da na filaye sun bar fayiloli masu ɗauke da sunayen masu sa hannu a koke. Amma kafin ofis, gidajen sarakunan zango da limamai, irin na Sabon Zangon Ankara da Malam Baƙo ya kafa, sun fi saurin gane sunan mai masauki. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a ƙarshen 1969 ta dawo da iyalai da yawa Najeriya, don haka reshen da kuke zaton yana Gana zai yiwu yana Fagge.

Ba zan yi maka alkawarin za ka ga sunansa ba. Sau da yawa abin da nake komawa da shi wurin iyali shi ne sunan maƙwabci, ko na mai jarinsa, ko shari'ar ɗansa da ta ambace shi a matsayin marigayi, sai a haɗa da abin da tsofaffi suka faɗa a rubuta, a bambance abin da takarda ta ce da abin da aka ji. Kuma ni ba lauya ba ne. In wani a cikinku ya fara tunanin ɗaukar abin da ka tono ya tayar da rabon da aka riga aka daidaita, wannan wata magana ce daban, tana buƙatar kwafin da hukuma ta buga wa hatimi, ga kuma hukuncin hauzi a kan wanda ya daɗe yana zaune ba a yi masa magana ba.

Abu ɗaya da za ka yi a wannan makon, kafin mai saye ya kawo magina: ka zagaya gidan da babban dattijon da ya rage, ka rubuta wa yake gabas da ku a da, wa yake yamma, kudu da arewa, da sunan masu gidajen na asali ba na yanzu ba, da sunan mai unguwar lokacin da masallacin da kakan yake salla. Da maƙwabta ake kwatanta gida a tsofaffin shari'o'i, ba da lamba ba. In ka haɗa wannan da sunayensa duka da shekarar da kuka matse, ka turo mini hoton duk takardar da ka samu a adaka, gaba da baya, in duba ramzin.